Wuni Guda a Bakin Tiga

Ɗana, na ji an ba ka hutu a wurin aiki, kuma uwar 'ya'yanka ta faɗa mini tun kafin hutun ya zo ka gama rarraba shi: gyaran soro, biyan bashin ziyara, da wata harka da za ka bi a Abuja. Duk wannan ba laifi, magidanci ba ya rasa abin yi. Roƙona ɗaya ne, ka tsame wuni guda daga ciki ka ba kanka da iyalinka, wunin da ba za ka nemi komai a cikinsa ba illa ku zauna, ku kalli ƙasa, ku ci abinci hankali kwance. Na lura da kai a zuwanka na baya-bayan nan. Kana zaune a gabana amma hankalinka na kan waya, kana cin tuwo kana duban agogo, yaranka na yi maka magana kana amsawa da ka. Gajiya ce ta taru, irin wadda barcin dare ba ya saukewa, kuma yara sun fi kowa ganinta.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka yawon buɗe ido sai mai kuɗin jirgin Dubai ko Alƙahira. Alhali ko a cikin birni akwai inda za ka wuni: Gidan Makama da kayan tarihinsa, marinar Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi, ka hau Dala da yamma. Amma kai kullum cikin hayaƙi da ƙarar adaidaita kake, don haka nake so ka fita daga birnin, ka nufi kudu, ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda kakanninka suka fito. Tafiyar ba ta wuce ta mota ɗaya da mai rabin tanki ba.

Ka zaɓi Asabar, a ƙarshen damina ko farkon kaka, lokacin da dawa ta fitar da kai, ƙasa na kore, hazo bai sauko ya rufe nesa ba. Ku fito bayan sallar asuba, ku kama hanyar Zariya. Kada ka yi gudu, kuma ka kashe rediyo. Da kun wuce Kura za ka ga magudanan ruwa sun ratsa gonaki, shinkafa iya ganinka, can Kadawa da Kwanar Gafan inda ake lodin tumatir a kwanduna idan rani ya yi. Ka ce wa yara su riƙe wannan a ransu, domin ruwan da ya rayar da gonakin nan shi za ku je ku gani a inda aka tare shi.

Idan kun shiga ƙasar Bebeji, ka ba su labarin garin. Tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Zazzau da Kano. Baturen nan matafiyi Kilafaton ya bi ta cikinsa a 1826. Kuma a farkon 1903, da rundunar Turawa ta taso daga Zariya za ta ci Kano, a Bebeji aka fara tare ta, aka rufe ƙofa aka ƙi buɗewa sai da suka harba igwa, sarkin garin ya rasa ransa a wurin, kwanaki kaɗan kafin birnin Kano ya faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Yaro da ya ji wannan yana kallon ƙasar da abin ya faru ba zai manta ba. A kan hanyar Tiga kuma za ku wuce Bagauda, wurin da aka sa wa sunan sarkin Kano na farko. A zamaninmu otal ne babba a bakin tafki, inda manya ke taro. Madatsar tafkin ta ɓalle a daminar 1988, yanzu kuma makarantar horar da lauyoyi ce a wurin. Ku duba daga mota ku wuce, ba nan za ku yada zango ba.

Tiga nake so ku isa da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

An gina madatsar a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka fara a 1971 aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya gasa Arewa da Nijar, shanu suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa kudu neman abinci. Bangon ƙasar da ya tare ruwan ya kai tsawon kusan kilomita 6, ruwan kuma idan ya cika yana rufe fili kimanin murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakinsa ta babbar magudana zuwa Ruwan Kanya, ya gangara gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, wani kuma ya bi kogi ya kai ga matatar da ke ba birni ruwan sha. Wato shayin da kake sha da safe a Kano, akwai yiwuwar ruwansa ya kwana a nan. Ina so ka faɗa wa yara ɗaya gefen ma, don su tashi da adalci. Akwai garuruwa da gonaki da maƙabartu a ƙarƙashin ruwan nan, an tashi mutanensu aka sake musu matsuguni. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke cika fadamu duk shekara ta ragu tun da aka tare kogin, masunta da makiyaya da manoman can sun ji a jikinsu. Ni ina ganin aikin alheri ne babba, amma wasu ne suka biya kuɗinsa, kuma ya kamata mai zuwa shan iska ya san da su.

Da kun isa, kada ka zarce bakin ruwa kai tsaye kamar gonarka. Ka tsaya ka yi sallama da ma'aikatan da ke tsaron wurin, ka tambayi inda aka yarda baƙi su zauna da inda aka hana ɗaukar hoto. Idan kun gangara mashigin masunta, ka nemi babbansu ka gaishe shi, ka ce kun zo ganin ruwa ne da iyali. Sannu da aiki da yaya ruwa ba sa cin ko kwabo, amma su ne za su sa a nuna maka inuwa mai kyau, a gaya maka inda laka take da inda zurfi ya fara. Otal ɗin Rock Castle na can bisa dutse, daga tudun nan ana ganin faɗin ruwan sosai, in an ba ku izini ku hau ku duba.

Sai ku shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ku zauna. Nan ne nasihata take, kuma nan ne za ka fi shan wuya, domin ka saba da hanzari. Minti goma na farko za ka ji kamar kana ɓata lokaci, hannunka zai riƙa neman aljihu. Ka ba uwar gida wayar ta ajiye a jaka. Ka bar idonka ya saba. Da farko ruwa kawai za ka gani, fari fat. Can sai ka fara rarrabewa: balbela jere a kan busasshen reshe, zalɓe tsaye a gefen ciyawa da ƙafa ɗaya ba ya ko motsi, garken kirinjijiya ya taso da kukansa mai kama da fito. Idan lokacin sanyi ne, wasu ƙananan tsuntsayen da ke kiwo a gaɓa daga Turai suka zo, sun ƙetare teku da Sahara, za su koma idan bazara ta gabato. Ka sa yara gasar ƙirga irin tsuntsayen da suka gani, kowa ya faɗi sunan da ya sani, wanda ba ku sani ba ku tambayi yaran masunta, sun fi ku ilimin wannan nesa ba kusa ba. Zai yi wa 'ya'yanka amfani su ga yaron da ba shi da takalmi yana koya musu abu.

Ka kalli mai jefa birgi da kyau. Yana tsaye a bakin kwalekwale, ɗan'uwansa na baya yana riƙe jirgin da filafili. Ya tattara ragar a hannun hagu ninki-ninki, ya ɗora wani sashe a kafaɗa, ya karkata jiki baya, sannan ya juyo ya saki. Ragar ta buɗe a sama da'ira cikakkiya, dalmar da ke bakinta ta ja ta ƙasa a lokaci guda. Sai ya dakata, ya fara jan igiya a hankali, hannu bayan hannu, don kada bakin ya buɗe kifi ya zille. Sau da yawa ba abin da ke fitowa sai ciyawa da karfasa biyu, ya kakkaɓe, ya sake ninkewa, ba tsaki ba ƙorafi. In ka ga dattijo zaune a inuwa yana ɗinkin koma, ya saƙale ragar a babban yatsan ƙafa yana ƙulla ido bayan ido, ka matsa kusa ka nemi izini yara su gani. Kun saba jin cewa fasaha tana gidan tarihi a bayan gilashi. Akwai ta a can, amma mai rai ita ce wannan, kuma hannun da ya iya ta shekaru ya yi yana koyo a gaban ubansa.

Yanzu maganar da ba na so ka ɗauka da wasa. Yara za su roƙe ka shiga ruwa. Ka hana, ko da sun yi kuka. Ruwan madatsa ba ya nuna zurfinsa, taku ɗaya ne tsakanin gwiwa da nutsewa, kuma laka na riƙe ƙafa. Ban da haka, ruwan da ke kwance a gaɓa da magudanai yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Idan kuma za ku shiga kwalekwale, sai da rigar kariya ga kowa, kuma ka ƙirga mutanen da ke ciki da idonka. Ba mu manta da abin da ya faru a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, jirgi ya yi lodi fiye da ƙima ya kife, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. In babu riga, ku haƙura, kallo daga tudu ma ya isa.

Abinci kuwa, kada ku cika mota da kayan kwali daga kanti. Ku zo da ruwan sha mai tsabta da yawa, da gurasa, da ɗan dambu ko wainar da aka yi a gida, sauran ku saya a can. Ka je wurin matan da ke suyar kifi, ka zaɓi karfasa da kanka: ka duba ido ya zama garau, ka ɗaga kunnen ka ga ja ne, ka danna jiki ka ji ya dawo. A fere shi a gabanka, a tsaga gefe biyu, a sa gishiri, a jefa a kaskon mai. Idan ya fito fatar na ƙaras-ƙaras, a barbaɗa yaji, a yanka albasa a kai. Ku ci da hannu, da zafinsa, ku duka a faranti ɗaya. Karfasa na da ƙaya, don haka kai za ka zauna ka cire wa ƙaramar, ka ba ta a baki. Ban san rabonka da yin haka ba, amma na san za ta riƙe shi har ta girma. Wanda ba ya son ƙaya a nema masa tarwaɗa ko ragon ruwa. In za ku tafi da na miya gida, ku sayi banda, ya fi jure hanya.

Bayan azahar, idan kun yi salla kun ɗan kishingiɗa, za ka ga matan Fulani na wucewa da ƙwarya a ka. Ka kira ɗaya a dama muku fura, amma kafin ka sha, ka dubi ƙwaryar. Wata an sassaƙa mata zane da wuƙa aka cike da farar ƙasa, wata an ƙona zanen da ƙarfe mai zafi ya fito baƙi, layi-layi da kusurwa-kusurwa, babu biyu da suka zama iri ɗaya. In ta tsage ba a yarwa, ana ɗinke ta da zare ɗinki mai kyau, har ɗinkin ya zama ado. Faifan da aka rufe ta da shi ma saƙar hannu ne, an rina kabar ja da baƙi da kore, an fara daga tsakiya ana zagayawa. Roba ta kusa korar waɗannan daga gidajenmu na birni, kuma abin na damuna, domin ranar da aka daina saye ranar za a daina koya wa yara. In ka samu faifai ko ƙwarya ko tukunyar ƙasa ta sayarwa a kasuwar ƙauye, ka saya. Ka taya, ciniki al'ada ce, amma kada ka matse mai ita har ta sallama don dole. Abin da za ka rage mata bai kai kuɗin katin wayarka na wuni ba, ita kuwa kwanaki ta yi a kan aikin. Kuma kada kowa a cikinku ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mace ko na masunci ba tare da ya tambaya ba.

Na san halinka, za ka ce tunda an fito bari a haɗa da Falgore da Riruwai a wuni ɗaya. Kada ka yi. Za ku wuni a mota, ku dawo da ciwon baya, yara ba su riƙe komai ba. Waɗancan tafiya ce ta daban, kuma sun cancanci ranarsu. Hanyarsu ta Kwanar Dangora ce a ƙasar Kiru, inda titi ya rabu ya nufi Tudun Wadan Dankadai, ƙasar shinkafa da masara, ya ratsa dajin Falgore ya wuce Saminaka har Jos. Dajin babba ne, kusan murabba'in kilomita 1,000, tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Shi ne ke riƙe ƙasar da ruwan Tiga ke gangarowa ta cikinta, don haka duk bishiyar da aka sare a can aka yi gawayi, yashinta a madatsa yake ƙarewa. Itatuwan can sun bambanta da namu na arewacin Kano: doka, kaɗanya, ɗorawa, maɗaci, kirya, ga duhuwa a bakin rafuka. A da akwai ɓauna da gwanki. Yau abin da matafiyi ya fi gani birai ne a gefen titi da tsuntsaye. Ka kuma san cewa dajin ya yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a shekarun baya, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Ba a shigarsa da ka. Sai ka tambayi mutanen yankin halin da ake ciki a makon, ka nemi izinin ma'aikatan gandun, ka tafi da ɗan jagora, kuma da rana tsaka.

Riruwai kuwa, hedikwatar Doguwa, tana cikin duwatsu, iskarta ma daban ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanen can ke haƙar kuza suna narkawa, suna zuba ta siraran sanduna da fatake ke kai wa kasuwanni, daga baya kamfanoni suka zo suka yi ta haƙa. Idan Allah ya kai mu, wannan tafiyar da ni za a yi, akwai tsofaffin abokai da nake so in gaisa da su, kuma ina so in nuna wa babban ɗanka ramukan da idona.

Abin da zan ƙara game da uwar 'ya'yanka ne. A irin wannan fita, sau da yawa namiji ne ke hutawa, mace kuwa aikin gida ne ya biyo ta daji: ita ce zuba abinci, ita ce bin yara, ita ce tattara kwanuka. Ka karɓe mata. Ka ɗauki yaran ku zaga gaɓa, ka bar ta ta zauna ita kaɗai a inuwa ko na rabin sa'a ne, ba mai kiran sunanta. In kun dawo, ka zauna kusa da ita ku yi hirar da ba ta kuɗin makaranta ba ce ba ta cefane ba. Ka tambaye ta garin su, da rafin da suke zuwa ɗiban ruwa tana yarinya. Za ka ji abubuwan da shekarun aurenku ba su ba ka damar ji ba.

Da la'asar ku fara haɗa kaya. Kowace leda da robar ruwa da kuka zo da ita ta koma mota, ka sa yara su tsince har da wadda ba taku ba. Shanu na haɗiye leda ta kashe su, wadda ta faɗa ruwa kuma a ragar masunci take ƙarewa. Ku koma ku yi wa waɗanda suka karɓe ku sallama, in yaro ya yi muku hidima ka ba shi abin sayen sabulu. Ku kama hanya da sauran rana, domin titin Zariya da magariba cike yake da manyan motoci, ga masu babur ba fitila, ba na so dare ya same ku a kai.

A hanya ku tsaya ku yi tsaraba. Idan kaka ce, akwai rake da gyaɗa da ɗanyar masara a bakin titi. Idan rani ne, tumatir da albasa da kankana sun fi na birni araha. Ka saya da maƙwabta a rai, gida biyu na dama da na hagu, da mai gadin layinku. Ni ka kawo mini bandar tarwaɗa, ba mai yawa ba, da ɗan mazarƙwaila in ka samu. Gwaggonka kuma ta ce in gaya maka faifai take so, mai faɗi, wanda zai rufe babbar ƙwaryarta.